Farar Giwa: Kyautar da Ke Cin Mai Ita





An nemi in ɗauko salon magana guda ɗaya daga cikin waɗanda masu jin Turanci ke amfani da su yau da kullum, in warware shi a gabanku. Na zaɓi wanda kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa ji, ko a rediyo, ko a zauren majalisa, ko a shafin jarida lokacin da ake cacar baki kan kasafin kuɗi. Shi ne "white elephant", wato farar giwa. A Najeriya an fi jin sa da ƙarin kalma ɗaya a ƙarshe, a ce "white elephant project". Dalilin da ya sa na zaɓe shi, an yi ta jifa da shi har ya fara dakushewa. Duk aikin da ɗan adawa bai so ba, sai ya ce farar giwa ce. Duk ginin da aka fara aka bari ciyawa ta rufe, farar giwa ce. Alhali maganar tana da inda ta dosa, kuma inda ta dosa ɗin abu ne da ya kamata duk al'ummar da kuɗinta bai wadace ta ba ta riƙe da kyau.

Idan Bature ya kira abu farar giwa, yana nufin abin da mutum ya mallaka, mai tsada, mai kwarjini a ido, wanda amfaninsa bai kai ɗawainiyarsa ba, kuma rabuwa da shi ta gagara. Ku lura da ƙarshen maganar, don nan ne nauyinta yake. Ba asarar da aka yi jiya aka gama ake nufi ba. Asarar da ke farkawa tare da kai kowace safiya ake nufi, wadda ke neman abinci yau, gobe ma ta nema, kuma kunya ko doka ko tsoron idon jama'a sun hana ka sallame ta.

To me ya kawo giwa cikin zancen, kuma me ya sa fara?

Amsar tana can kudu maso gabashin Asiya, a ƙasar da a da ake kira Siyam, wadda aka canza wa suna zuwa Tailan a 1939, da maƙwabciyarta Bama, wato Miyanma ta yanzu. A waɗannan ƙasashe akan sami giwa jefi-jefi wadda launinta ya bambanta da na sauran. Ba fara ba ce tas kamar auduga. Fatarta tana da haske, ja-ja ce mai sirkin ruwan ƙasa, idan ta jiƙe da ruwa sai hasken ya ƙara fitowa. A fadar Tailan akwai masana da ke duba irin wannan giwa kafin a yarda da ita: su dubi idanunta, da ganɗarta, da faratanta, da gashin jikinta, da na jelarta. Idan ta cika sharuɗɗa, ta zama ta sarki ke nan. A yi mata biki, a ba ta suna da muƙami, a gina mata ɗaki, a ware mata masu hidima. Ba ta jan gungumen katako a daji kamar 'yan'uwanta, ba a yi mata lodi.

Wannan daraja daga addinin mutanen ta samo asali. Mabiya addinin Buda suna da riwaya cewa mahaifiyar Buda ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Don haka bayyanar irin wannan dabba a zamanin sarki alama ce a wurinsu ta cewa mulkinsa na da albarka, za a sami damina da zaman lafiya. Kuma ba su ɗauki abin da wasa ba. A 1563 Sarkin Bama Bayinnaung ya aika wa Sarkin Ayutthaya, wato Siyam ta wancan zamani, Maha Chakkraphat, wanda ke da fararen giwaye bakwai, cewa ya ba shi biyu. Aka hana shi. Ya ɗauko runduna, aka gwabza, a 1564 ya koma gida da huɗu. Masana tarihi na ganin giwayen hujja ce kawai ya samu, mulkin yankin yake nema, amma ku duba irin abin da ya isa ya zama hujjar yaƙi a wancan wuri. Daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa wajen 1917, tutar Siyam jan ƙyalle ce da hoton farar giwa a tsakiya. A 1861 Sarki Mongkut na Siyam ya kafa lambar girma mai suna Lambar Farar Giwa, har yau kuma ana ba da ita ga manyan jami'ai da baƙi na ƙasashen waje. Tutar sojan ruwan Tailan ma har gobe tana ɗauke da hoton.

Na tsaya a kan wannan ne don a yi wa mutanen adalci. Abin da Turanci ya mayar sunan asara, a wurin masu shi sunan ɗaukaka ne. Duk wanda aiki ya kai shi Bankok, ya kiyaye harshensa a kan wannan magana. Mu ma da muke yi wa sarki kirari da toron giwa, mun san giwa ba abin raini ba ce.

Turawan da suka je waɗannan ƙasashe, 'yan kasuwa da matafiya da jakadu, da idon lissafi suka kalli abin. Suka ga dabbar da ke iya cin ciyawa da ganye da 'ya'yan itace har kilo 150 a rana, ta sha ruwa fiye da lita 100, ta rayu shekara 60 ko fiye, ga barori, ga gida, amma ba ta tsinana aikin komai. Daga nan wani labari ya bazu a Turai, cewa wai idan sarkin Siyam ya yi fushi da wani bafade, ba ya kashe shi, ba ya ɗaure shi. Sai ya yi masa kyautar farar giwa. Bafaden ba shi da ikon ya ƙi karɓa, don kyautar sarki ce. Ba shi da ikon ya sa ta aiki, don mai alfarma ce. Ba shi da ikon ya sayar, ko ya bayar, ko ya bar ta da yunwa. Haka zai yi ta ciyar da ita har gonakinsa su ƙare, ya tsiyace yana godiya. Labarin ya fi kama da almara, domin sarakunan nan tattalin fararen giwayensu suke yi, ƙasaitarsu ce, ba abin da za su riƙa rabawa ba ne ga wanda suke jin haushi. Amma almarar ta yi daɗin ji, ta kuma bayyana wani hali da kowane ɗan Adam ya sani, shi ya sa ta zauna. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ake samun maganar a rubuce-rubucen Ingila da wannan ma'ana ta kaya mai nauyi marar amfani.

Sai kuma wani abu ya faru da ya ƙara watsa ta cikin talakawa. A farkon 1884 wani Ba'amurke mai gidan wasan dabbobi, P. T. Barnum, wanda ya shahara wajen tallata hajarsa fiye da kima, ya kawo wata giwa daga Bama mai suna Toung Taloung. Ya cika jaridu da cewa ga farar giwa mai tsarki. Aka ajiye ta a gidan namun daji na Landan, jama'a suka yi tururuwa, suka biya kuɗi, suka shiga. Me za su gani? Giwa mai launin toka, da 'yan dabbare-dabbare masu haske a fuska da kunnuwa. Mutane suka fito suna gunaguni an yaudare su. Da aka kai ta Amurka, abokin gasar Barnum, Adam Forepaugh, ya ga dama ta samu, ya ɗauko giwa ta gama-gari ya shafe ta da farin fenti, ya ce tasa ce ta gaskiya. Jaridu suka yi ta yayata rigimar. Wannan ya ƙara wa maganar wani ɗanɗano da take ɗauke da shi har yau, na abin da aka zuzuta da baki, aka zo gani aka tarar bai kai ba.

Yanzu mu sauko gida, don maganar ta zauna a zuciya. Ku ɗauki wani malamin firamare da ya yi ritaya, yana zaune a gidansa mai ɗaki uku, fanshonsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Wani babban basarake da ya taɓa zama ɗalibinsa ya tuna da shi, ya aiko masa da ingarman doki, da sirdi da linzami da likkafa. Ranar da aka kawo shi unguwa ta cika, yara na bi, mata na leƙe, maƙwabta na shigowa taya murna. Aka kafa turke a tsakar gida, inda a da ake shanya. Washegari da asuba dokin ya fara haniniya. Yana son dawa ko gero, yana son harawa, yana son dusa da kanwa, yana son a ɗebo masa ruwa, a share masa kashi, a wanke shi, a fita da shi ya motsa jiki. Malam ba ya hawa, gwiwa ta hana. Sai an ɗauki yaro, yaron kuma sai an biya shi. Rani ya yi, harawa ta yi tsada. Uwargida ta lura buhun geron da ke kai su wata biyu yanzu ba ya wuce wata guda. Wani ya ba shi shawara ya kai shi kara ya sayar, Malam ya girgiza kai: idan mai kyautar ya aiko a gaishe shi, ɗan aiken ya tambayi doki fa? Da wane baki zai ce ya sayar? Idan kuma ya bar shi ya rame, gari zai ce ya wulaƙanta kyautar manya. To, jama'a, wannan doki shi ne farar giwa, ko da kuwa baƙi ne wuluk. Babu mugun nufi a zuciyar wanda ya bayar. Dokin ma lafiyayye ne, mai kyau ne. Matsalar ita ce an kai shi gidan da ba shi da aikin yi, kuma ba shi da hanyar fita.

A bakin Turawa, maganar na yawo daga ƙaramin abu zuwa babba. Mutum zai gaji wani tangamemen gida daga kakansa, mai ɗakuna ashirin, rufin na yoyo, haraji na hawa, ba mai saye, sai ya ce gidan ya zame masa farar giwa. Wani zai faɗi haka a kan jirgin ruwan shaƙatawa da ya saya, yana hawa sau ɗaya a shekara, yana biyan kuɗin ajiya kowane wata. A Ingila, idan coci ko makaranta ta shirya kasuwar tara gudunmawa, akan kafa wani tebur da ake kira teburin farar giwa, inda mutane ke kawo tarkacen da suka cika musu gida, wani ya saya da araha. A Amurka kuma akwai wasan musayar kyauta da ake yi lokacin Kirsimeti mai wannan suna, kowa ya naɗo wani abu na ban dariya marar amfani. A waɗannan wurare maganar ta yi laushi, ta zama ta raha. Amma a jarida da majalisa ba ta raha ba ce, tuhuma ce. Wanda ya ce aikin gwamnati farar giwa ne, yana cewa ne an kashe dukiyar jama'a don neman suna, kuma za a ci gaba da kashewa. Ga abubuwa ake amfani da ita, da wuya a kira mutum da ita. Kada kuma a rikita ta da wata maganar ta daban, "the elephant in the room", wadda ke nufin babbar matsalar da kowa a wurin ya gani amma kowa ya yi gum. Giwa ce ta haɗa su kawai, ba su da wata dangantaka.

Misalin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne filin wasan Olamfik na birnin Montreal a Kanada. An gina shi don wasannin 1976. Kuɗin ya zarce abin da aka tsara nesa ba kusa ba, aka ci bashi, aka ɗora haraji a kan taba sigari don biya, ba a gama biya ba sai 2006, shekara talatin bayan an tashi daga wasan. Rufin filin ya yi ta yagewa ana faci. Ƙungiyar wasan da ke amfani da shi a kai a kai ta bar garin bayan kakar 2004. Mai hankali zai ce, to a rushe shi mana kowa ya huta. A 2024 gwamnatin lardin Kebek, inda birnin yake, ta ba da sanarwar za ta kashe dalar Kanada miliyan 870 wajen sabon rufi, ta kuma ce rushe ginin zai ci kusan biliyan 2. Kun ga dabbar da idonku. Ciyar da ita tsada, kashe ta ya fi tsada.

Gasar cin kofin duniya ta 2014 ta bar wa Burazil irin nata. An gina fili a Manaus, a tsakiyar dajin Amazon, garin da ba shi da ƙungiyar ƙwallo mai tara jama'ar da za ta cika shi. Wasa huɗu aka buga a ciki lokacin gasar. Na babban birni Brasiliya, wanda ya fi duk sauran tsada, ba a jima ba aka ga an mayar da harabarsa wurin ajiye motocin safa. A Sifen an buɗe filin jirgin sama na Ciudad Real a 2008, aka rufe a 2012 don babu fasinja. Abu ɗaya ya haɗa su duka: an tambayi nawa za a gina, ba a tambayi wa zai shiga, kuma wa zai riƙe ba.

Sai dai ina so in ja kunnenmu, mu masu alƙalami, domin akwai gaggawa a yadda muke yanke hukunci. Ba duk abin da ya yi tsada ne farar giwa ba. Gidan wasan kwaikwayo da kiɗa na Sidni a Ostireliya an fara shi a 1959 da ƙiyasin dala miliyan 7 na ƙasar, ba a buɗe ba sai 1973, bayan ya cinye miliyan 102. An zagi aikin iya zagi. Yau shi ne tambarin ƙasar, miliyoyin mutane ke ziyartar sa duk shekara. Dogon benen nan na birnin New York, Empire State, an buɗe shi a 1931 a tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, yawancin ofisoshinsa suka zauna babu kowa, har mutanen gari suka riƙa yi masa ba'a da sunan ginin wofi. Sai wajen farkon shekarun 1950 ya fara kawo riba. Wanda ya kira shi farar giwa a 1933 ya faɗi abin da idonsa ya gani, amma lokaci ya ƙaryata shi. Saboda haka kafin ka liƙa wa aiki wannan suna, ka tambayi kanka: buƙatar babu ita ne sam, ko dai ba ta iso ba tukuna? Hanyar da aka shimfiɗa zuwa ƙauyen da ke noma amma ba ya iya fitar da amfaninsa, ko da mota goma ce ke bi a shekarar farko, ba farar giwa ba ce.

Haka kuma ba duk aikin da aka yi watsi da shi ne farar giwa ba, kuma a nan ne muka fi yin kuskure a Najeriya. Ginin da aka kai linta aka gudu, ba mai gadi, ba albashi, ba kuɗin wuta, wannan asara ce, wataƙila ma sata ce, amma mushe ne, ba ya ci. Farar giwa tana da rai. Shi ya sa idan ana neman misalin da ya cika sharuɗɗa a ƙasar nan, hankali ke komawa kamfanin ƙarafa na Ajakuta a Jihar Kogi. An ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyat kwangilar a 1979, aka zuba biliyoyin daloli, aka gina masana'anta da gari guda na ma'aikata, har aka riƙa cewa a tsakiyar shekarun 1990 aikin ya kai kashi 98 cikin 100. Amma babban tanderun narka tama, wanda shi ne zuciyar kamfanin, ba a taɓa hura shi ba. Duk da haka kowace shekara ana ware masa kuɗi a kasafi, akwai ma'aikata, akwai albashi, akwai gadi da gyara. An gwada miƙa shi ga 'yan kasuwa, abin ya ƙare a shari'a da biyan diyya. Kuma babu gwamnatin da za ta iya tsayawa ta ce ta haƙura da shi, don ya zama abin alfaharin ƙasa. A ganina, ba a haifi Ajakuta a matsayin farar giwa ba. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana buƙatar ƙarfe, ga tama kuma a Itakpe kusa da shi. Riƙon da aka yi masa ne ya mayar da shi haka. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin maganin aikin da ba a buƙatarsa tun farko daban, maganin wanda ake buƙata aka kasa kammalawa daban.

Ba sai an je Ajakuta ba ma. Wanda ke yawon ɗauko rahoto a ƙananan hukumomi ya san irin ɗakin da nake nufi. Asibitin karkara, an kai wata babbar na'urar gwaji daga ƙasar waje, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Ka dawo bayan shekara biyu, a buɗe maka ƙofa da ƙyar don makullin ya yi tsatsa. Na'urar na nan lulluɓe da ledar da ta zo da ita, ƙura ta kwanta a kai, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyinta. Tana son wutar da ba ta yankewa, garin kuwa sai a yi kwana uku ba a kawo ba. Tana son ɗaki mai sanyi. Tana son ƙwararren da ya iya sarrafa ta, shi kuwa yana birni. An sayo janareta dominta, ana ware kuɗin dizal, ana biyan mai gadi. A ɗakin da ke kusa, mai naƙuda na kwance, ana haska ta da fitilar waya, an tura mijinta kemis ya sayo safar hannu da ruwan ƙarin jini. Kuɗin na'urar nan da sun wadata asibitin da waɗannan ƙananan kaya shekara da shekaru. Amma safar hannu ba ta yin kyau a hoto, ba a rubuta sunan kowa a jikinta. Wannan shi ne abin da ke haifar da fararen giwaye a ko'ina a duniya: mai bayarwa yana tunanin ranar buɗewa, mai karɓa kuma shi aka bari da sauran ranakun.

Ana iya ƙin karɓa kuwa? Ana iyawa, kuma cikin mutunci. Sarki Mongkut ɗin nan da na ambata ya rubuta wa shugaban Amurka wasiƙa a 1861, yana tayin aika giwaye, na aiki ba farare ba, don su hayayyafa a can a riƙa sufuri da su. Wasiƙar ta faɗa hannun Shugaba Abraham Lincoln. A 1862 ya mayar da amsa cikin ladabi, ya yi godiya, ya bayyana cewa yanayin ƙasarsa bai dace da kiwon giwa ba, kuma injin tururi na biya musu buƙatar sufuri a ƙasa da ruwa. Zumunci bai ɓaci ba. Lincoln ya dubi abin da ƙasarsa ke iya riƙewa kafin ya dubi girman kyautar.

Saura tambayar da na san masu fassara na jira: idan maganar ta zo a labari, me za mu ce da Hausa? Na sha jin ana cewa "aikin baban giwa". Ina fahimtar abin da ya jawo haka, giwa ce ta kira giwa. Wani lokaci ya dace, amma ba kullum ba. Aikin baban giwa wahala ce da aka sha a banza, aka tashi babu sakamako. Yana kallon baya ne, ga ƙoƙarin da ya tafi. Maganar Turancin kuwa gaba take kallo, ga ɗawainiyar da ba ta ƙarewa. Idan abin da marubucin ke nufi shi ne an kasa rabuwa da abu, muna da "alaƙaƙai", muna da "ƙarfen ƙafa". Idan yana nufin an rasa yadda za a yi, a bari ɓarna, a kawar ɓarna, kamar filin Montreal, to kadangaren bakin tulu ya fi kusa. Idan kuma labarin na rediyo ne, mai sauraro na kan babur ko a bakin murhu, babu laifi a faɗa a fili: aikin da ya ci maƙudan kuɗi, ba ya amfanar kowa, kuma har yanzu yana ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce "farar giwa" kawai a wuce, ba tare da bayani ba. Bahaushen da bai yi boko ba zai ɗauka yabo ne, don a kunnensa fari alheri ne, giwa kuma girma ce. Ka ga an juya labarin ke nan, an mayar da tuhuma kirari.

Ku ɗalibai kuma, idan za ku sa maganar a rubutunku na Turanci, ku sa ta inda za ku iya kare ta. Malamin da ya san aikinsa zai tambaye ku: me abin yake ci a shekara? Wa ke biya? Me yake bayarwa? Me ya hana a rabu da shi? In ba ku da amsa, ku nemi wata kalmar, ku ce aikin ya yi tsada, ko an yi watsi da shi, ko an yi almundahana a ciki. Kowanne da sunansa.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwana 'yan jarida ne. Mun saba zuwa bikin aza harsashi da bikin buɗewa, mu rubuto nawa aka kashe da wanda ya yanka ƙyalle. Ina roƙon mu ƙara tambaya ɗaya a wurin, tun manyan baƙi ba su shiga mota ba: ranka ya daɗe, nawa za a riƙa kashewa duk shekara wajen riƙe wannan abu, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta shi? Mu rubuta amsar da aka ba mu, da sunan wanda ya bayar. Bayan shekara biyu mu koma wurin da kanmu, mu nemi a buɗe mana ƙofa, mu gaya wa jama'a abin da muka tarar.

 Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin dukiyar jama'a, ya mayar da kowa gidansa lafiya.